Allende na Chile: zaɓaɓɓe ne da aka zalunta, ko shugaba ne da ya tsallake doka?

Dogon_Nazari:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga wata magana ina so masana su warware. Duk inda aka ambaci Salvador Allende sai ka ga mutane sun rabu biyu: wasu na kallonsa a matsayin shahidin dimokuraɗiyya da sojoji da Amurka suka haɗu suka kayar ranar 11 ga Satumba 1973, wasu kuma na cewa shi ya fara karya tsarin kafin soja su ƙarasa. Ni dai ra'ayina, mutumin da ya samu kashi 36 cikin 100 na ƙuri'a ba shi da hurumin juya tattalin arzikin ƙasa baki ɗaya zuwa gurguzu. Kusan mutum biyu cikin uku ba su zaɓe shi ba. To ina halaccin yake?

Lauya_Habu:
Wa alaikumus salam. Malam Dogon_Nazari, tambayarka ta haɗa abubuwa biyu: yadda ya hau, da yadda ya yi mulki. Na farkon babu gardama a kansa. A zaɓen 4 ga Satumba 1970 Allende ya samu kusan kashi 36.6, Jorge Alessandri na 'yan ra'ayin riƙau 35.3, Radomiro Tomic 28.1. Ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ƙuri'a dubu 39 ce da 'yan kai. Kundin tsarin mulkin 1925 bai tanadi zagaye na biyu ba. Abin da ya ce shi ne, idan babu wanda ya haura rabi, majalisun biyu su zauna tare su zaɓi ɗaya daga cikin mutum biyun da ke kan gaba. Sun zauna ranar 24 ga Oktoba, Allende ya samu 153, Alessandri 35, bakwai suka jefa farar takarda. Kuma al'adar majalisar ita ce ta tabbatar da wanda ya zo na ɗaya. Shi kansa Alessandri a 1958 da kusan kashi 31.6 ya hau, kuma wanda ya kayar a lokacin Allende ne, da ratar ƙuri'un da yawansu bai kai na 1970 ba. Ba wanda ya ce mulkin Alessandri haramtacce ne.

Kwamared_Sani:
Madalla da Lauya. In ƙara da cewa lissafin "biyu cikin uku ba su zaɓe shi ba" yaudara ce. Tomic ɗan jam'iyyar Kiristoci masu ra'ayin dimokuraɗiyya ne, wato DC, amma ɓangaren hagu na jam'iyyar yake. Shi ma a manufofinsa akwai mayar da tagulla hannun gwamnati da ci gaba da rabon gonaki. In za a haɗa ƙuri'a ta wannan hanyar, sai mu ce kashi 64 sun zaɓi sauyi.

Sarkin_Shakka:
Kwamared, kai ma ka yi irin lissafin da kake zargi. Wanda ya zaɓi Tomic bai zaɓi Markisanci ba. A 1964 waɗannan mutanen ne suka ba Eduardo Frei na DC kashi 56 don kada Allende ya hau. Kuma ƙuri'u 153 ɗin nan ba kyauta aka bayar ba. DC ta gindaya sharaɗi: sai an sa hannu kan wata yarjejeniya ta lamunin tsarin mulki, wadda ta ƙunshi 'yancin jarida, 'yancin jam'iyyu da ƙungiyoyin ƙwadago, 'yancin makarantu masu zaman kansu, da cewa soja da 'yan sanda ne kaɗai za su riƙe makamai a madadin ƙasa. An shigar da ita cikin kundi a Janairun 1971. Me ya sa aka nemi wannan daga Allende, ba a nema daga shugabannin baya ba? Saboda jam'iyyarsa ta Soshalis a babban taronta na Chillán a 1967 ta ce amfani da ƙarfi wajen juyin juya hali halal ne kuma ba makawa. Daga baya kuma a hirarsa da marubucin Faransa Régis Debray ya nuna cewa dabara ce ta sa ya karɓi yarjejeniyar. Wanda ya ji wannan dole gabansa ya faɗi.

UmmuKhalil:
Amma a yi wa mutumin adalci. Likita ne, ya yi ministan lafiya tun 1939, ya shiga majalisar dattawa a 1945, ya shugabance ta daga 1966 zuwa 1969. Sau uku yana faɗuwa takarar shugaban ƙasa, 1952, 1958, 1964, kuma kowane karo ya karɓi sakamako. Wanda ke son mulki ta bakin bindiga ba ya shekara goma sha takwas yana bin akwatin zaɓe.

Sarkin_Shakka:
Hajiya, ban ce shi ɗan tawaye ba ne. Matsalar ita ce bai iya riƙe jam'iyyarsa ba. Carlos Altamirano ne sakataren jam'iyyar daga 1971, kuma layinsa shi ne a ci gaba ba sassauci. Abin mamaki ma 'yan Kwaminis ne ke cewa a bi a hankali a nemi sulhu da DC.

Lauya_Habu:
Bari in shiga inda ainihin rigimar take, don maganar kashi 36 ba ta kai ko'ina. Haɗakar Allende, Unidad Popular ko UP, ba ta taɓa samun rinjaye a ko ɗaya daga cikin majalisun ba. To ta yaya aka karɓe ɗaruruwan masana'antu ba tare da sabuwar doka ba? Ta kafofin da tsofaffin dokoki suka bari, kuma lauyan da ya shahara da zaƙulo su shi ne Eduardo Novoa Monreal. Babba a ciki ita ce dokar soja mai lamba 520 ta 1932, wadda aka yi a zamanin wata gajeriyar gwamnatin gurguzu, aka manta ba a soke ta ba. Ta ba gwamnati ikon karɓar ragamar kamfanin da ke yin kayan masarufi idan ya daina aiki ko ya jawo ƙarancin kaya.

Ga yadda abin ke tafiya a aikace. Ma'aikata su shiga yajin aiki ko su mamaye masana'anta. Aiki ya tsaya. Gwamnati ta ce to ga ƙarancin kaya, ta naɗa wakilinta ya riƙe kamfanin. A takarda mai shi bai rasa mallaka ba, riƙon ƙwarya ne, amma ba a sa ranar mayarwa ba. Takardar umarnin sai ta je ofishin Kwantirola, wanda aikinsa tantance ko umarnin gwamnati ya dace da doka. Idan ya ƙi, doka ta ba shugaba damar ya sake aiko da ita da sa hannun ministocinsa gaba ɗaya, kuma a nan dole Kwantirola ya wuce da ita, sai dai ya sanar da majalisa. Haka aka yi da masaƙar Yarur a Santiyago a Afrilun 1971 ta fuskar mamaya da karɓa, wasu masaƙu suka biyo baya. Bankuna kuma ta wata hanya aka bi: hukumar raya ƙasa ta CORFO ta riƙa sayen hannun jari a farashi mai tsoka har ta mallaki mafi yawansu.

Kowane mataki in ka ɗauke shi shi kaɗai, akwai ayar doka da ke bayansa. In ka haɗa su, an yi abin da majalisa ba ta amince da shi ba. Nan ne masu hankali na ɓangarorin biyu suke saɓawa har yau.

Kwamared_Sani:
Doka doka ce, Lauya. Gwamnatocin baya ma sun yi amfani da wannan sa hannun na ministoci, ba Allende ya ƙirƙiro shi ba. Sannan rabon gonaki da dokar Frei ta 1967 aka yi shi, mai lamba 16.640, wadda ta ce gonar da ta haura hekta 80 ta ƙasar ban ruwa mai kyau, ko kwatankwacinta, ana iya karɓarta. Allende sauri kawai ya ƙara: gonaki sama da dubu huɗu cikin shekara uku. Tagulla kuwa ranar 11 ga Yuli 1971 majalisa gaba ɗayanta ta amince a mayar da ita hannun gwamnati, har da 'yan ra'ayin riƙau, babu ƙuri'ar ƙi ko ɗaya.

Talba_M:
Gaskiya ne game da tagulla. Amma a gonaki akwai mamaya da yawa da ba ta bi dokar ba, har da gonakin da ba su kai hekta 80 ba, musamman a kudu, inda 'yan MIR, wata ƙungiyar hagu mai ra'ayin juyin juya hali, ke gaba. MIR ba ta cikin gwamnati, amma gwamnati ba ta son a ga ta tura 'yan sanda kan manoma. Mai gona ya je kotu, alƙali ya ba da umarnin a fitar da masu mamaya, sai ɓangaren zartarwa ya ce sai ya auna ko aiwatarwa za ta jawo zubar da jini, takarda ta kwanta. Wannan ne ya sa Kotun Ƙoli ta rubuta wa Allende wasiƙa ranar 26 ga Mayu 1973 tana cewa bin doka na dab da rushewa. A wurina wannan ya fi maganar dokar 520 nauyi. Hukuncin kotu ba shawara ba ce da shugaba zai duba ya ga ko ta yi masa.

Mai_Lissafi:
Kuna ta doka, ku bari mu duba aljihu, don shi ya kwashe masu matsakaicin hali daga bayansa. Shirin ministan tattalin arziki Pedro Vuskovic shi ne a ƙara albashi sosai, a daskare farashi, masana'antu su yi amfani da injinan da ke zaune. A 1971 abin ya yi kyau: tattalin arziki ya haɓaka da kusan kashi 8, rashin aiki ya sauko ƙasa da kashi 4, hauhawar farashi ta sauko daga kusan 35 zuwa kusan 22. Ga rabin lita na madara kullum ga kowane yaro. Shi ya sa a zaɓen ƙananan hukumomi na Afrilun 1971 UP ta kusa kai rabin ƙuri'u.

Inda aka samu matsala: injinan da ke zaune sun ƙare, ba sabon jari, kamfanonin da aka karɓa suna sayar da kaya ƙasa da kuɗin yin su saboda ƙayyade farashi, babban banki na buga kuɗin escudo yana cike giɓin. Farashin tagulla a duniya ya faɗo daga kusan santi 64 kan kowane fam a 1970 zuwa kusan 49. Noma ya ragu, aka ƙara shigo da abinci, ajiyar kuɗin waje ta zube. A 1972 hauhawar farashi ta haura kashi 160 a ƙididdigar hukuma, a 1973 ta haura 500, giɓin kasafi ya wuce kashi 20 na arzikin ƙasa. Idan farashin hukuma ya yi ƙasa ƙwarai da na gaskiya, kaya sai su ɓace daga kanti su bayyana a kasuwar bayan fage. Aka kafa kwamitocin unguwa na rabon kaya, JAP, 'yan adawa suka ce hanyar sa ido ce da fifita 'yan jam'iyya.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: majalisa ta riƙa amincewa da ƙarin albashi tana ƙin harajin da zai biya shi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Zainabu_A:
Har yanzu ba wanda ya ambaci Amurka, kamar ba ta nan. Ranar 15 ga Satumba 1970, kwana goma sha ɗaya bayan zaɓe, shugaban Amurka Nixon ya kira shugaban CIA Richard Helms ya ba shi umarnin hana Allende hawa. A rubutun hannun Helms akwai dala miliyan 10 da aka ce suna nan, da kuma umarnin a sa tattalin arzikin Chile ya yi kururuwa. Allende bai ko sha rantsuwa ba, bai karɓi kamfani ko ɗaya ba. Babban hafsan soja Janar René Schneider ya tsaya kan cewa soja za su bi duk wanda majalisa ta zaɓa. Ranar 22 ga Oktoba aka tare motarsa aka harbe shi, ya rasu ranar 25. CIA na hulɗa da masu shirin sace shi, ta ba ɗaya daga cikin ƙungiyoyin bindigogi, daga baya kuma ta biya wasu daga cikin waɗanda suka yi aikin dala dubu 35. Wa ya fara tsallake doka ke nan?

Sarkin_Shakka:
Ba mai musun wannan. Amma kwamitin majalisar dattawan Amurka ƙarƙashin Frank Church, wanda ya tono duk waɗannan a 1975, shi ne kuma ya ce bai samu shaidar hannun Amurka kai tsaye a juyin mulkin 1973 ba. Kuɗin da Amurka ta kashe a ɓoye daga 1970 zuwa 1973 kusan dala miliyan 8 ne, sama da miliyan ɗaya da rabi ya tafi jaridar adawa ta El Mercurio. Miliyan 8 ba ta haifar da hauhawar kashi 500.

Zainabu_A:
Dala a kasuwar bayan fage ta Santiyago a lokacin ninkin-ba-ninkin take, Malam, kada ka auna ta da farashin hukuma. Sannan ba kuɗin ɓoye kaɗai ba ne. Bankin Duniya bai ba Chile sabon rance ko ɗaya ba a zamanin Allende, bashin gajeren zango na bankunan Amurka ya ƙafe, kayan gyaran injina da na motoci suka yi wuya, amma taimakon soja bai tsaya ba. Kamfanin haƙar tagulla na Amurka, Kennecott, ya bi jiragen ruwan tagulla har kotunan Faransa a 1972 yana neman a riƙe kuɗin.

Mai_Lissafi:
Dalilin Kennecott shi ne batun diyya. Gyaran kundin da ya mayar da tagulla hannun gwamnati ya ba shugaba damar cire ƙazamar riba daga abin da za a biya. Allende ya sa ma'auni a kashi 12 a shekara tun daga 1955, duk abin da ya haura aka lissafa, ya kama dala miliyan 774. Da aka cire, masu manyan ma'adinai irin Chuquicamata da El Teniente ba su tashi da komai ba. Kuma Chile ta dakatar da biyan bashin waje a Nuwamban 1971, to mai ba da rance ko ba siyasa zai ja baya. Tarayyar Sobiyet ma da Allende ya je Mosko a Disamban 1972 ba ta ba shi abin da ya sa rai ba.

Dogon_Nazari:
Na ji duka, amma ku dawo kan tambayata. In ya yarda jama'a na bayansa, me ya hana shi kai maganar gaban jama'a kai tsaye?

Lauya_Habu:
Nan ne rigimar da ta fi kowace tsanani, kuma ba a cika sanin ta ba. Sanatocin DC biyu, Juan Hamilton da Renán Fuentealba, suka kawo gyaran kundi da zai raba tattalin arziki gida uku, na gwamnati, na haɗin gwiwa, na 'yan kasuwa, kuma ya ce ba a karɓar kamfani sai da doka daga majalisa. Wato toshe kafar 520. Majalisa ta amince a Fabrairun 1972. Allende ya hau kujerar na-ƙi kan wasu sassa. Sai tambaya ta taso: da wane rinjaye majalisa za ta tsallake ƙin shugaba a gyaran kundi? Gwamnati ta ce sai biyu bisa uku, kamar dokar yau da kullum. 'Yan adawa suka ce bayan gyaran da aka yi wa kundin a 1970 rinjaye mai sauƙi ya isa, sannan shugaba ko ya sa hannu ko ya kira ƙuri'ar raba gardama. Aka kai gaban Kotun Tsarin Mulki, a ƙarshen Mayun 1973 ta ce ba ta da hurumi. Allende ya yi ƙoƙarin ƙaddamar da sassan da ba a saɓa a kansu ba, Kwantirola ya ƙi a farkon Yuli. Alƙalin da ya kamata ya raba ya janye hannu, kowane ɓangare ya riƙe fassararsa.

Me ya sa bai kira ƙuri'ar ba? Bayan zaɓen Afrilun 1971 wasu na kusa da shi sun ba da shawarar a yi, lokacin da farin jini ke sama. Ba a yi ba, kuma daga baya lissafi ya nuna zai iya faɗuwa.

Kwamared_Sani:
To su ma 'yan adawa sun kai maganar gaban jama'a ai. Zaɓen majalisa na 4 ga Maris 1973 sun shiga shi da buri ɗaya, su samu biyu bisa uku a majalisar dattawa su tsige shi. Kujeru 50 ne, suna bukatar 34, suka tsaya a 30. UP ta samu kusan kashi 44, sama da abin da Allende ya samu a 1970, duk da layin burodi da yajin aikin masu manyan motoci na Oktoban 1972. An yi zaɓen ne lokacin da babban hafsan soja Janar Carlos Prats ke ministan cikin gida. Jaridun adawa na zaginsa kullum, majalisa na zama, jam'iyyu na kamfe. Wane irin kama-karya ne wannan? Da hanyar tsigewa ta toshe, sai aka koma ƙwanƙwasa ƙofar bariki.

Sarkin_Shakka:
Kashi 44 na nufin 55 sun ce a'a, kuma wannan karon ba mutum uku ba ne, gida biyu ne. Sannan tsigewar ministoci fa? Majalisa ta tsige José Tohá daga ma'aikatar cikin gida a Janairun 1972, Allende ya mayar da shi ministan tsaro. Ya maimaita irin wannan da wasu. Doka ba ta hana ba, amma ya mayar da ikon majalisa abin dariya. Ga yunƙurin sayen kamfanin takarda da Alessandri ke shugabanta, wanda ke ba jaridu takardar bugawa. Ga shirin haɗe makarantu na Maris 1973, da sai da coci da hafsoshi suka tayar da jijiyar wuya aka janye shi.

Baba_Tarihi:
Yara, ku bar ni in yi magana kan ƙudurin 22 ga Agusta 1973, don shi ne takardar da masu kare juyin mulki ke ɗagawa. Majalisar wakilai ta amince da shi da ƙuri'a 81 da 47. Ya jero zarge-zarge: mulki da umarni maimakon doka, ƙin bin hukuncin kotu, ƙin ƙaddamar da gyaran kundi, ƙyale ƙungiyoyi masu makamai. Ya yi kira ga shugaba da ministocin da suke hafsoshin soja da 'yan sanda su kawo ƙarshen wannan hali. Wasu zarge-zargen na da tushe, Lauya da Talba sun nuna. Amma a kundin 1925 hanya ɗaya ce ta cire shugaba: wakilai su tuhume shi, dattawa su same shi da laifi da biyu bisa uku. Ƙudurin majalisa ɗaya ba doka ba ne, bai je dattawa ba, kuma 81 cikin 150 ma bai kai biyu bisa uku ba. Allende ya amsa bayan kwana biyu ya ce kira ne ga juyin mulki. Wasu 'yan DC da suka sa ƙuri'a sun ce niyyarsu a matsa masa ya gyara. Kowace niyya ce, hafsoshi sun karanta shi yadda suke so.

Kuma shirin ya riga ƙudurin. Ranar 29 ga Yuni Laftanar Kanar Roberto Souper ya fito da tankoki ya kewaye fadar shugaban ƙasa ta La Moneda, Prats da kansa ya fita titi ya kwance su. 'Yan Patria y Libertad, wata ƙungiyar dama mai tsattsauran ra'ayi, na fasa turakun lantarki da bututun mai. An kashe dogarin Allende na sojan ruwa, Arturo Araya, a ƙarshen Yuli. Kadinal Raúl Silva Henríquez ya haɗa Allende da shugaban DC Patricio Aylwin su tattauna, ba a cimma komai ba. Ranar 23 ga Agusta Prats ya ajiye aiki bayan matan hafsoshi sun yi zanga-zanga a ƙofar gidansa, ya ba da shawarar a naɗa Janar Augusto Pinochet babban hafsan soja a madadinsa, don ana ganin mai biyayya ne.

UmmuKhalil:
Allah ya ƙara girma, Baba. Ni abin da nake auna masu cewa sun zo ceton kundi da shi, shi ne abin da suka yi da kundin. Sun rufe majalisar da ta yi ƙudurin. Sun haramta jam'iyyun hagu, suka dakatar da sauran, a 1977 suka rushe har da DC. Sun lalata rajistar masu zaɓe a 1974. Wa'adin Allende a 1976 zai ƙare, kuma kundi bai ba shi damar zarcewa ba. Su kuwa sai Maris 1990. Hukumomin bincike na Rettig da Valech sun tabbatar da sama da mutum 3,000 da aka kashe ko aka ɓatar, jimillar waɗanda aka amince an zalunta ta haura 40,000, mafi yawa ɗauri da azabtarwa. Prats bam ya kashe shi da matarsa a Buenos Aires a 1974, tsohon ministan Allende Orlando Letelier a tsakiyar Washinton a 1976. Bernardo Leighton na DC, ɗaya daga cikin mutum 13 na jam'iyyar da suka yi tir da juyin mulkin kwana biyu bayan faruwarsa, an harbe shi a Rum a 1975, da ƙyar ya sha.

Talba_M:
Wannan duk gaskiya ne, Hajiya, amma laifin Pinochet ba ya wanke Allende. Tambayoyi biyu ne daban. Mutum na iya cewa gwamnatin UP ta taka doka a wurare, kuma ya ce juyin mulkin haramun ne. Frei ya rubuta wa Mariano Rumor, firaministan Italiya na lokacin, doguwar wasiƙa a Nuwamban 1973 yana ɗora alhakin a kan UP, amma a 1980 shi ne babban mai jawabi a gangamin adawa da kundin Pinochet. Aylwin da ya jagoranci adawa da Allende, da 'yan Soshalis ya haɗa kai aka kayar da Pinochet a ƙuri'ar 5 ga Oktoba 1988 da kusan kashi 56.

Kwamared_Sani:
Abin dariya, tagullar da ake zagin Allende a kanta Pinochet bai mayar ba. Shi ya kafa Codelco, kamfanin tagulla na gwamnati, a 1976, kuma kashi 10 na cinikinsa na waje soja ake ba wa, har sai 2019 aka soke dokar.

Gaskiya_Ɗaya:
Ina ganin tsarin ma na da nasa kason. Shugaba mai wa'adin shekara shida da ba a iya cire shi sai da biyu bisa uku, majalisa da ake zaɓa a wani lokaci daban, kowanne na cewa shi jama'a suka aiko. Shugaba ba zai iya rushe majalisa ba, majalisa ba za ta iya sauke shi da rinjaye mai sauƙi ba. Da tsarin firaminista ne, ko dai UP ta shiga haɗaka da DC tun farko, ko gwamnati ta faɗi a zauren majalisa a 1972 ba a harba harsashi ba. Masanin siyasa Juan Linz da Chile ya riƙa kafa hujja kan haɗarin tsarin shugaba mai cikakken iko. Shugaban 'yan Kwaminis na Italiya, Enrico Berlinguer, darasin da ya ɗauka a 1973 shi ne ko kashi 51 bai isa a yi irin wannan sauyi ba, sai an jawo masu tsakiya. Wannan ya ɗan ba Dogon_Nazari gaskiya ta wata fuska: doka ta ba shi kujera, amma girman sauyin ya fi girman goyon bayan. Chile kanta daga baya ta sa zagaye na biyu, aka fara amfani da shi a Janairun 2000 tsakanin Ricardo Lagos da Joaquín Lavín.

Sarkin_Shakka:
Da an yi zagaye na biyu a 1970, ina ganin Alessandri zai ci.

Zainabu_A:
Ba tabbas. Ya danganta da inda mutanen Tomic za su karkata, kuma shi Tomic washegarin zaɓe ya je ya taya Allende murna.

Baba_Tarihi:
Su kansu 'yan Chile ba su gama ba. A 2023, shekara 50 cif, wani binciken jin ra'ayi na CERC-MORI ya nuna kashi 36 na ganin soja sun yi daidai. Ranar 22 ga Agustan shekarar 'yan dama suka sa aka sake karanta ƙudurin 1973 a zauren majalisar wakilai, aka yi ta hayaniya. Shugaban ƙasa na lokacin, Gabriel Boric, ya samu tsofaffin shugabanni huɗu, har da Sebastián Piñera, suka sa hannu kan takardar kare dimokuraɗiyya, amma jam'iyyun dama ba su bi ba. Mutum-mutumin Allende kuma na tsaye a dandalin da ke gaban La Moneda tun 2000.

Dogon_Nazari:
Akwai maganar da ake yi cewa ya shirya sanar da ƙuri'ar raba gardama a ranar da aka yi juyin mulkin. Gaskiya ne? In haka ne ai hanyar doka ba ta ƙare ba.

Lauya_Habu:
Makusantansa, irin su mashawarcinsa Joan Garcés, sun shaida cewa zai sanar ranar 11 ga Satumba a jawabin da zai yi a Jami'ar Fasaha ta Ƙasa, kuma ya gaya wa Pinochet ranar 9. A ranar 9 ɗin ce Pinochet da shugaban sojan sama Gustavo Leigh suka sa hannu kan takardar da Admiral José Toribio Merino ya aiko mai ɗauke da ranar juyin mulki, kuma ranar ce Altamirano ya yi zazzafan jawabinsa yana amsa cewa ya gana da ƙananan sojojin ruwa. Masu sukar Allende na cewa jam'iyyarsa ba ta amince da ƙuri'ar ba, kuma wa'adin da kundi ya bayar na kiran ta kan gyaran Hamilton da Fuentealba ya riga ya wuce tun watan Yuni, don haka sai an sake sabon gyara ta majalisa, wanda ke bukatar ƙuri'un DC.